Gaisuwar da Na So In Hana Mami

Wata Laraba ce cikin watan Nuwamba na shekarar 1984, ranar da ba mu zuwa lekol, wato makarantar boko, Baba ya riƙo ƙaramin akwatina ya kai ni tashar jirgin ƙasa ta Perrache a birnin Lyon. Ana yayyafi irin mai shiga ƙashi. Shekarata bakwai, ina sanye da jan kwat ɗin da Mami ta saya mini da girma don in daɗe ina sawa. Yayar Baba, Gwaggo Hauwa, wadda ta zo daga Paris tun jiya, tana tsaye bakin tarago tana gyara mayafi. Idanun Baba sun yi ja, na tambaya, Gwaggo ta ce mura ce. Na ce to ina Mami, ba a sallamo ta daga asibiti ba? Gwaggo ta durƙusa tana ɗaure mini igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ta ce, "Maminki ta tahi gida ganin danginta. In ta ji sauƙi za ta komo." Baba yana kallon agogon tasha. Mami kuwa a lokacin tana ɗakin ajiye gawa, ta cika tun jiya, 'yan'uwanta maza suna hanya daga Ireland don su ɗauke ta. Duk wanda ya san mu ya sani, ban da ni da abin ya fi shafa.

Baba mutumin Damagaram ne, Yusufu sunansa. Karatu ya kawo shi Faransa, ya gama ya samu aiki a wani ɗakin gwajin magunguna, ya zauna. Mami kuma Bridi ake ce mata, 'yar wani ƙauye ce a arewa maso yammacin Ireland. Ta zo Lyon rainon yaran wani likita da niyyar shekara ɗaya, sai ta gamu da Baba a wurin jiran bas, shekara ɗaya ta zama aure. Muna zaune a unguwar Guillotière, saman wani mai gasa burodi, don haka har kayan sawarmu ƙanshin burodi suke yi. Ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai ce. Baba ya yi karatu har idonsa ya nemi tabarau, yana sa kwat yana ɗaura karabat a wuya, amma kunyar ɗan fari ya taho da ita daga Damagaram cikakkiya, ko ƙwaya ba ta zube a hanya ba. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in kuma yana magana da wani, "yarinyar nan". Ba ya ɗaukata gaban mutane, ba ya zama da ni mu yi hira. In ya sayo mini alewa sai ya ajiye kan tebur ya ce wa bango, "Ga wani abu nan." Mami takan yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ƙwala "Mariama!" ko da ina gefenta, wai tana kira nata da na Baba.

Ran Asabar in Mami tana guga, tururi ya rufe gilashin tagar kicin, sai ta zana mini garinsu da yatsa. Tafkuna uku ne: Baƙin Tafki, wanda ko rana ta take ba ka ganin ƙasansa, da Dogon Tafki mai manyan fararen agwagi masu dogon wuya da faɗan tsiya, da wani ƙarami mai tsibiri a tsakiya inda suke zuwa satar ƙwan tsuntsaye da kwalekwalen kawunta. Ƙauyukan ba su wuce a kira su unguwanni ba. Akwai nasu mai gada, da na gaba mai coci da makaranta, da wani can bayan fadama da mutanensa suka yi suna wajen rowa. A tsakiyar duka akwai tudu, a kan tudun maƙabarta da kangon wata tsohuwar coci marar rufi, nan suke wasan ɓuya in an aike su koro shanu. Ba mu taɓa zuwa ba, domin mahaifinta bai so auren ba, sai da ya rasu hanya ta buɗe. Ta yi mini alkawari in na cika takwas za mu tafi tare. Kafin in gama kallo zanen ya fara zubar da ruwa, sai ta goge da hannun riga ta ce in ɗauko sauran kayan.

Gidan Gwaggo a Montreuil, nan gefen Paris, wata duniya ce. Mijinta Alhaji Mamman yana da shago kusa da unguwar Barbès cikin Paris, yana sayen shadda da takalma yana aikawa Maraɗi da Kano, gidan kullum cike yake da dilolin kaya da baƙi masu jiran jirgi. Nan na koyi aikin da Mami ba ta taɓa sa ni ba. Na koyi tuƙa tuwon semul na garin alkama ina tsaye kan kujera, na koyi tankaɗe kuka, na koyi wanke tukunyar da ta fi ni faɗi. In Gwaggo za ta yi daka sai mu shimfiɗa bargo ƙarƙashin turmi, duk da haka tsohuwar da ke ƙasanmu ta dinga dukan silin da sandar shara, mu kuma mu ƙunshe dariya. Ranar kasuwa mukan bi Alhaji ni da 'yarsa Rabi, mu zauna kan dila ƙarƙashin gadar metiro muna cin gasasshiyar masara, jirgi na wucewa a samanmu yana girgiza komai. A filin lekol muna 'yar gala-gala da tsallen roba, na ƙware har 'yan aji na gaba suna nemana. Ba zan ce an wulaƙanta ni a gidan nan ba. An ciyar da ni, an yi mini kitso mai kyau irin wanda Mami ba ta taɓa iyawa ba, wajen rabon nama ma Gwaggo takan fifita ni kan Rabi. Magana ɗaya kawai aka hana ni.

Da farko kullum sai na tambaya. Gwaggo ta ce, "Tana nan tahe." Na ce yaushe, ta ce, "Ke dai kin cika tambaya kamar jandarma." In na matsa sai ta kawo maganarta ta kullum, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, babu rimi a Montreuil, amma a can saman bene muke, kuma na sha tsayuwa bakin taga ina duban masu fitowa daga metiro ko zan ga jan gashi. Baba yakan zo daga Lyon ƙarshen wata, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Maza su shigo su zauna da shi a falo, ina jin ana cewa, "Ya haƙuri, Malam Yusufu?" Da na leƙo sai a koma zancen shadda. Wata rana aka tashi da girki tun safe, shinkafa da waina, aka ɗora mana kwanuka ni da Rabi mu kai fwaye, gidan mazan ma'aikata da ke bayan layinmu. Wani dattijo mutumin Mali ya karɓa, ya dafa kaina ya daɗe yana addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Na dawo ina ba Rabi dariya da kwaikwayonsa. Sadakar arba'in ɗin uwata ce na ɗauka a kaina na raba, ina tsalle-tsalle a kan matakala. Ko yanzu da na zo nan a rubutun, sai da na ajiye alƙalami na tashi na zaga ɗaki.

Na girma na je Damagaram na zauna, na ga yadda abin yake a can, fushina ya ƙaru maimakon ya ragu. A can ma ba a zaunar da yaro a ce masa uwarka ta mutu, don ba a bukata. Gidan ne yake gaya masa. Yana jin kukan mata, yana ganin an fito da makara, yana ganin tabarmi a ƙofar gida. In ya rasa gane wani abu akwai kaka, wadda babu kunya tsakaninta da jika, ta jawo shi jikinta ta faɗa masa. Uba ya yi shirunsa, ba a yi asarar komai ba. Su Baba sun ɗauko shirun sun hau jirgi da shi, suka bar gidan da kakar a baya. Baba yana ganin ba bakinsa ba ne, 'yar fari ce, yayarsa za ta faɗa. Gwaggo tana ganin ita wa, ga uban yarinya da ransa. Alhaji ya ce maganar mata ce. Matan da ke zuwa gidan suka ce a bari ta ƙara wayo. Manya masu hankali, masu salla, wasunsu da digiri, suka yi ta miƙa wa juna magana ɗaya kamar garwashi, ba wanda ya yarda ta tsaya a hannunsa.

Kirsimeti ta zo ta wuce, ko kati ban gani ba. Na cika takwas, shekarar alkawari, wayar gidan ta yi ta ƙara amma duk masu neman Alhaji ne. Sai na haɗa wa kaina labari. Mami ta ji sauƙi, ta ga tafkunanta, ta ga 'yan'uwanta farare masu jan gashi irin nata, ta tuna tana da wata baƙar yarinya a Faransa, ta ce a kai kasuwa. Wata 'yar ajinmu ta faɗa mini haka ƙiri-ƙiri, na fasa mata leɓe, amma a zuciyata na yarda da ita. Da bikin iyaye mata ya zo, malamarmu ta sa muka yi sarƙar wuya da taliya muka shafa fenti. Kowa ya kai tasa gida, ni na taka tawa a ƙofar lekol har ta zama gari. Na daina tambaya, Gwaggo ta yi hamdala ta ce wa maƙwabta yarinya ta dangana. Ba dangana na yi ba, shiri nake. Na yanke cewa duk ranar da na ga Mami ba zan ruga wurinta ba. Zan tsaya in harɗe hannu, in ta ce Mariama in kau da kai, in ta miƙo hannu in matsa baya. Gaisuwa ma ba za ta samu ba sai ta yi kuka. A gaban madubin banɗaki nake gwadawa, har da yadda zan murguɗa baki.

Da babban hutu ya zo, a watan Agusta na 1985, kakata ta wajen uwa, Kaka Nora, ta matsa wa Baba da waya sai ya kawo mata jikarta. A garinsu akwai wata Lahadi a shekara da kowane gida ke zuwa ya tsaya kan kaburburan mutanensa, fadan coci ya zaga ya yi addu'a, tana so in tsaya tare da su. Ita a saninta na san komai tun ranar farko. A wurinsu gawa a falo ake shimfiɗe ta, yara su shigo su taɓa hannunta su sumbaci goshinta, ba ta ma kawo a ranta cewa akwai mutanen da za su ɓoye wa 'ya mutuwar uwarta ba. Ni abin da aka ce mini kawai, "Za ku tahi garin su maminki." Daga baya na ji Gwaggo ta ja Baba gefe ta ce ya faɗa mini a hanya, ya ce to. Hanyar kuwa ba gajera ba ce, jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa, sannan bas bayan bas. A jirgin ƙasa ya gyara murya ya ce, "Ke." Na ɗago. Ya ce, "Kin ci abinci?" A saman jirgin ruwa, iska na neman ɗauke mu, ya sake cewa "Ke", ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce in ɓalle maɓallin kwat. Haka muka ƙetare teku bai faɗa ba.

Tun daga tagar bas ta ƙarshe na fara gane wurin. Ga Dogon Tafki da agwaginsa, ga gadar dutse, ga shanu cikin ciyawar da ban taɓa ganin kore irinta ba, ga katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Gidan Kaka fari ne gajere, hayaƙinsa na wani ƙanshi, domin ba itace suke ƙonawa ba, wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa daga fadama su shanya. Kaka ta fito, 'yar tsohuwa mai ƙarfin hannu, ta rungume ni tana kuka tana magana da sauri. Ingilishin da Mami ta koya mini ya yi tsatsa a Montreuil, nata kuma na ƙauye ne, rabi nake tsinta. Ban tambayi Mami ba, ai na yi rantsuwa. Amma da aka ba ni shayi da burodi na ce zan zaga, na bi ɗakunan ina leƙa bayan kowace ƙofa, har rumbun ciyawa da garken maruƙa. Na ga hotonta a kan kabad da 'yar jar fitila a gabansa. Na ce a raina ga hoto an ajiye, mai hoton ta tafi yawonta, ko tsayawa tarbata ba ta yi ba. Na ƙara wannan cikin laifuffukanta.

Washegari Asabar, ranar gyaran kaburbura. Aka ba ni bokiti, aka ba ɗan kawuna Shon almakashin yankan ciyawa, Kaka ta yanko furanni daga bayan gida. Hanyar tudun cike take da mutanen ƙauyukan, wasu a kan tarakta, wasu da keke, wasu da baro cike da farar tsakuwa. Ba wanda ya yi kama da mai zuwa wurin baƙin ciki, ana gaisawa ana zancen ruwan sama da ciyawa. Na ɗauka aikin gayya ne kawai. Ina ta baza ido cikin taron ko zan gan ta, ina gyara fuskar da na tanada. Baba ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfe bai shiga ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi kam har a lokacin yana ɓoyo. Kaka ta riƙe hannuna muka wuce kangon cocin, muka ratsa tsakanin duwatsu masu gansakuka da rubutunsu ya goge, muka isa gefen da ke kallon Baƙin Tafki. Akwai wani kabari da ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba, ciyawa ta fara fitowa a kai tsilli-tsilli, da ɗan gicciyen katako. Kaka ta durƙusa da ƙyar, ta shafa ƙasar kamar mai gyara shimfiɗa, ta yi magana a hankali yadda ko ni na gane kowace kalma. Ta ce, "Bridi, ga 'yarki na kawo miki." Ta juyo gare ni ta ce, "Matso ki gaida maminki."

Ban yi kuka nan take ba. Na tsaya da bokiti a hannu, abin da ya fara zuwa raina shi ne, tun yaushe? Na tambaya da guntun Ingilishina. Kaka ta ce tun Nuwamba mana, sai ta dube ni sosai, na ga fuskarta ta canja. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa ta tashi ba ta dafa komai ba, ta nufi ƙofar ƙarfe. Ban gane duk abin da ta gaya wa Baba ba, amma masu yankan ciyawa sun daina yanka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Na bi ta, na tsaya gabansa, na yi masa magana da Hausa ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, Mami ta mutu?" Ko a nan, da kabarin a bayana, bai iya cewa e ba. Ya dubi tafki ya ce, "Sai haƙuri." Na jefar da bokitin ya gangara tudu yana ƙara, na koma da gudu na faɗa kan ƙasar nan mai sanyi. Wata da watanni ina jin haushin matar da ke kwance a nan, ina tara mata laifi, ina shirya mata wulaƙanci, ita kuwa ba ta guje ni ba, ba ta manta da ni ba. Ina so in ce mata ban sani ba, wallahi ban sani ba, amma bakina cike yake da ƙasa da majina.

Ran Lahadi na tsaya a kan kabarin tsakanin Kaka da kawunnaina, fada ya zo ya yayyafa ruwa ya wuce. Baba yana bayan katanga, tafin hannunsa a buɗe, yana tasa addu'ar. Sauran kwanakin na taya su juya ciyawa a rana, na koro shanu da yamma, Shon ya koya mini kamun kifi a Dogon Tafki da jifan da dutse ke tsalle kan ruwa. Kowace safiya Kaka takan ba ni labarin Mami, har da marasa daɗi. Ta gaya mini yadda jinyar ta kasance, da abin da Mami ta ce a wayarsu ta ƙarshe, da yadda ta roƙi a kawo ni asibiti su Baba suka ce yarinya ba ta ganin irin wannan. Wannan ya fi komai ƙona ni. Ashe ta neme ni. Ban yi wa Baba magana ba har muka koma Paris. Da muka shiga, Gwaggo ta dubi fuskata ta gane, ta ce, "To, alhamdu lillahi, an huta. Mu dai don ke muka yi, ɗiyata." Kuma na san da zuciya ɗaya ta faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Baba ya rasu shekarun baya a Lyon. Na yi jinyarsa da hannuna, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Ranar da ya cika, Gwaggo ta ce kada a gaya wa 'yata ta fari, ƙarama ce. Na zaunar da yarinyar kan cinyata na kira sunanta na gaya mata da bakina, Gwaggon tana ji. Mutuwar Mami ban ɗora wa kowa ba, Mai ita ne ya karɓi abinsa. Abin da na kasa yafewa shi ne watannin da aka bar ni ina ƙin uwata alhali lokacin kukanta ne. Kowa ya yi makokinsa a kan kari ya wanke ido, ni aka bar ni da fushi, kuma ba wanda zai maido mini da wancan lokacin.

Yanzu yaran Montreuil da waya a hannu suke tashi, ba mai iya ɓoye musu mutuwa ko ta yini ɗaya. Ina jin tsofaffi na kukan wai kunya ta ƙare, ban taya su ba. Ina zuwa ƙauyen duk Agusta. Kaka Nora tana kwance gefen 'yarta, farin gidan an sayar wa baƙi masu zuwa kamun kifi, makarantar ƙauyen gaba an rufe, masu hawa tudun ran Asabar sun ragu, yawancinsu masu furfura ne. Na girmi Mami yanzu nesa ba kusa ba. Nakan cire ciyawa, in wanke dutsen, in zauna in ba ta labarin shekara, tafkunan na kwance a ƙasanmu kamar yadda ta zana su. Ina gaishe ta kowace shekara, har yau ban ji gaisuwar ta isa ba.